Uwargida, Ki Ɗauki Kayan Yau Kaɗai: Koyarwar Yesu Kan Damuwar Ci da Sutura

Akwai wani lissafi da ba a koyar da shi a makaranta, amma kowace uwa ta ƙware a kansa. Mudu nawa ya rage a buhu? Zai kai mu Asabar? In na sayi manja yau, da me zan biya kuɗin niƙa gobe? Takalmin auta ya yage, mai gidan haya ya fara aiko da saƙo, makaranta ta ce a kammala biya kafin jarrabawa. Wannan lissafi ba ya son rana. Sai an kashe fitila, yara sun yi barci, sannan yake zuwa ya danne ƙirji.

Ba ke kaɗai ba ce, 'yar'uwa, kuma ba raki kike yi ba. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur a Najeriya, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki. Kuɗin mota ya tashi, kayan abinci suka bi shi. A watan Yuni 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce farashin abinci ya ƙaru da fiye da kashi 40 cikin ɗari a kan na bara warhaka. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a watan Yulin shekarar, amma iyaye mata da yawa ba su da albashi ko kaɗan. Da ƙosai, awara, ɗinki, kitso da ɗan noma suke riƙe da gida.

A cikin wannan hali ne za ki shiga sujada ranar Lahadi ki ji an karanta Matiyu 6:25-34, inda Yesu ya hana almajiransa damuwa a kan abin ci, abin sha da abin sawa. Kina iya cewa amin da baki, zuciya kuwa tana tambaya a ɓoye: anya wannan magana ta san kuɗin mudun shinkafa? Tambayar ba saɓo ba ce, kuma tana da amsa.

Da su wa Yesu yake magana?

Yawancin waɗanda suka taru a kan dutsen nan a ƙasar Galili ba masu rumbu cike ba ne. Masunta ne, da ƙananan manoma, da 'yan ƙodago waɗanda ake biya dinari ɗaya a yini, kamar yadda muke gani a misalin ma'aikatan gonar inabi a Matiyu 20. Tun a Shari'ar Musa an umarci mai aiki ya biya talakan da ya yi masa ƙodago kafin rana ta faɗi (Maimaitawar Shari'a 24:14-15), domin da kuɗin nan za a ɗora tukunyar dare. Abin da muke kira hannu baka hannu ƙwarya ke nan.

Shi kansa Yesu a irin wannan gida ya tashi. Da Yusufu da Maryamu suka kai shi Haikali yana jariri, tsuntsaye biyu suka miƙa hadaya (Luka 2:24), wato abin da Littafin Firistoci 12:8 ya sassauta wa matar da ba ta da halin ɗan rago. Da ya fara wa'azi kuma, mata ne irin su Maryamu Magadaliya, Yuwana da Susana suke ɗawainiya da shi da almajiransa daga abin hannunsu (Luka 8:1-3).

Don haka mai maganar ya san yunwa, ya san ƙarancin gari. Shi ya sa misalansa ba su da nisa da tsakar gida. Ya nuna musu tsuntsaye, waɗanda ba su da gona balle rumbu, amma suna ci. Ya nuna musu furannin jeji da suka fi Sarki Sulemanu ado, alhali gobe mace za ta tattaro busasshensu ta hura wuta, kamar yadda kike yi da kara. Sai ya tambaye su ko akwai wanda damuwa ta taɓa ƙara masa tsawon rai. Bai ce abinci da tufafi ba su da muhimmanci ba. Cewa ya yi Ubanmu na sama ya riga ya san muna bukatarsu. Ya rufe da cewa kowace rana tana zuwa da nata kayan, kada a ɗora mata na gobe.

Awon Allah na yini guda ne

Wannan magana ta yini guda ba a Galili ta fara ba. A Fitowa 16, Isra'ilawa suna cikin jeji bayan sun bar Masar, guzuri ya ƙare, suka fara gunaguni. Allah ya sauko musu da manna, wani abu fari kamar ƙwayar hatsi, mai ɗanɗanon waina da zuma. Amma ya zo da ƙa'ida: kowane mutum awo ɗaya a yini, awon da ake kira omer, kusan lita 2. Waɗanda tsoro ya sa suka ɓoye saura domin gobe, sun wayi gari sun tarar ya yi tsutsa yana wari. A rana ta shida kaɗai aka yarda a tara ninki biyu saboda hutun Asabar, shi kuwa bai lalace ba. Haka aka yi ta yi har shekara 40.

Ki lura da abu biyu. Na farko, manna ba ta faɗo cikin tukunya ba. Sai an fita da sassafe an tsinta, domin da rana ta yi zafi narkewa take yi. Littafin Ƙidaya 11:8 ya ce niƙa ta ake yi ko a daka a turmi, a dafa a tukunya. Kyautar daga sama take, amma aikin na hannu ne. Na biyu, Allah da ya iya ba su na yini ɗaya ai ya iya ba su na shekara a lokaci guda. Bai yi haka ba, domin yana so su koyi dawowa gare shi kowace safiya.

Da Yesu ya koya wa almajiransa addu'a a Matiyu 6, wannan awo ɗin ya sake ba su: su roƙi abincin yini. Ba na wata ba, ba na zangon karatu ba. Kuma a bakin jama'a ya sa roƙon, ba a bakin mutum ɗaya ba, wato mai roƙon tana roƙa wa kanta da maƙwabciyarta.

Ga abin da wannan yake nufi gare ki. Ƙarfin da Allah ya ba ki yau, na ɗaukar kayan yau ne. Idan kika haɗa kuɗin hayar watan Disamba, da auren 'yarki da ba ta gama firamare ba, da ciwon da bai zo ba, kika ɗora a kan wuyan daren yau, dole wuya ya sage. Ba don bangaskiyarki ta gaza ba, sai don kayan sun fi awo.

Shiri daban, damuwa daban

Wata za ta ce, to ke nan kada in yi adashi, kada in saye hatsi da kaka? Ko kusa. Littafin da ya ba mu labarin manna shi ne ya ba mu labarin Yusufu, wanda ya shawarci Fir'auna a ajiye kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona a shekaru 7 na ƙoshi, domin shekaru 7 na yunwa (Farawa 41). Karin Magana 6:6-8 ta aika malalaci wurin tururuwa ya koyi tanadi. Manzo Bulus kuma ya tsawata wa waɗanda suka ƙi aiki suna ci daga gumin wasu (2 Tasalonikawa 3:10). Mu ma a nan mun san ba a fafe gora ranar tafiya.

Yaya za ki bambance su? Shiri yana ƙarewa da wani abu da za ki yi: gobe zan je in ga shugaban makaranta a raba mini biyan kashi uku. Da kin yanke wannan shawara, kina iya barci. Damuwa kuwa zagaye take yi kamar jakin da aka ɗaure a turke. Lissafin da kika yi ƙarfe sha ɗaya shi za ki sake yi ƙarfe biyu, amsar ba ta canja ba, sai dai kin tashi da ciwon kai, kin huce a kan yaron da bai yi miki laifin komai ba.

Akwai kuma wani abu a ƙarƙashi. Kafin Yesu ya hana damuwa, a aya ta 24 ya yi maganar cewa bawa ba ya iya bauta wa iyayengiji biyu, Allah da dukiya. Ba mai kuɗi kaɗai dukiya take mulka ba. Takan mulki marar shi ma, idan ita ce farkon tunaninsa da asuba, ita ce na ƙarshe da dare. Dogara ga Allah, abin da maƙwabtanmu Musulmi suke kira tawakkali, shi ne ki yi iyakar abin da ke hannunki yau, ki bar sauran a hannun da ya fi naki.

Abin da ke cikin gida, da ƙofar maƙwabta

Iyaye mata biyu a Tsohon Alkawari sun nuna yadda tanadin Allah yakan zo. Ta farko gwauruwa ce a Zarefat, yankin Sidon, a ƙasar Lebanon ta yau (1 Sarakuna 17). Ana cikin fari, Annabi Iliya ya same ta tana tsintar itace domin ta dafa ɗan garin da ya rage, ita da ɗanta su ci su jira mutuwa. Littafin bai ce tukunyar garinta ta cika ta tumbatsa ba. Ya ce ba ta ƙare ba, har aka yi ruwa. Kullum ta sa hannu, akwai na ranar.

Ta biyu matar wani annabi ce da mijinta ya rasu ya bar bashi, mai bin bashin kuma yana shirin kwashe 'ya'yanta maza biyu su zama bayi (2 Sarakuna 4:1-7). Ba ta yi shiru tana kuka a ɗaki ba, ta je ta faɗa wa Elisha. Shi kuwa ya fara da tambayarta abin da take da shi a gida. Ɗan mai ne kawai a kwalba. Ya aike ta ta ari tuluna wurin maƙwabta, ta shiga ɗaki da 'ya'yanta su yi ta zubawa. Da tulunan suka cika, ya ce ta sayar da man, ta biya bashi, su ci sauran.

Dubi abubuwan da Allah ya yi aiki da su: bakin da ya faɗi matsalarsa, ɗan abin da ke gida, taimakon maƙwabta, hannun yara, da ciniki a kasuwa. Ke me kike da shi? Wataƙila keken ɗinki ne da ya yi ƙura, ko iya dambu da kowa yake yabawa, ko ɗan fili a bayan ɗaki da zai ɗauki zogale da alayyahu. Kuma ƙofar wa kike jin nauyin ƙwanƙwasawa? Sau da yawa amsar addu'a tana gidan da kunya ta hana mu shiga.

Idan tukunya ta kwana a kife fa?

Gaskiya ɗaya ce: akwai masu bi na ƙwarai da suke kwana da yunwa. Akwai iyaye mata a sansanonin gudun hijira da suka bar gonakinsu ba da son ransu ba. Kada wani ya ce miki rashinki alamar zunubi ne ko ƙarancin bangaskiya. Bulus da kansa ya lissafa yunwa, ƙishirwa, sanyi da rashin sutura cikin abubuwan da ya sha (2 Korintiyawa 11:27). Wasiƙar da ya rubuta wa Filibiyawa, inda ya ce su kai kowace bukata gaban Allah da addu'a da godiya maimakon damuwa, daga kurkuku ya rubuta ta.

Koyarwar Yesu ba ta yi alkawarin cewa wahala ba za ta zo ba. Ta yi alkawarin cewa ba a manta da ke ba. Kuma ta ɗora wa ikkilisiya nauyi. A Ayyukan Manzanni 6, da aka kai ƙara cewa ana tsallake wasu gwauraye a rabon abinci na kullum, manzanni ba su ce su je su yi haƙuri ba. An zaɓi mutum 7, har da Istifanas, aka danƙa musu aikin. Yakubu 2:15-16 ya ce ba amfani a sallami mai yunwa da fatan alheri hannu wofi. Bulus ma da yake tara gudummawa domin matalautan Urushalima, labarin manna ya tuna wa Korintiyawa, cewa wanda ya tara da yawa bai yi rara ba, wanda ya tara kaɗan bai rasa ba (2 Korintiyawa 8:13-15).

Saboda haka idan yau kina da mudu biyu, mai yiwuwa ɗayan amsar addu'ar wata ce. Zumuntar Mata a ECWA, COCIN, EYN, HEKAN, Katolika da sauransu ta san wannan aiki tun kafin a haifi yawancinmu: ziyarar mai jego, kai wa gwauruwa hatsi, haɗa kuɗin asibiti. Idan kuma ke ce ba ki da shi, ki faɗa wa uwar zumunta ko matar fasto. Karɓa ba abin kunya ba ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tarko biyu da damuwa take turawa

Na farko yana cikin wayar da ke hannunki. Manhajojin ba da rance suna ba da kuɗi cikin minti kaɗan, da ruwa mai yawa da wa'adi gajere. Wasunsu, idan aka makara, sukan aika saƙon cin mutunci ga lambobin da ke cikin wayar mutum. Rancen da aka ci ƙarfe biyun dare, tsoro ne ya ci shi. Ki bari gari ya waye, ki yi shawara da maigida ko wata da kika amince da ita.

Na biyu yakan zo da Littafi Mai Tsarki a hannu: mai cewa ki kawo kuɗin cefanen yaranki a matsayin iri, Allah zai ninka miki. Bayarwa da yardar rai ibada ce, amma Allah ba ɗan kasuwa ba ne da ake saye tanadinsa. Elisha bai karɓi ko ɗigon mai daga gwauruwar nan ba, kuma ya ƙi kyautar Na'aman bayan ya warke (2 Sarakuna 5:16). Yesu ya yi kashedi mai zafi a kan malaman da suke cinye gidajen gwauraye suna fakewa da doguwar addu'a (Markus 12:40).

Tarihin George Müller yana da darasi a nan. Bajamushe ne da ya buɗe gidan marayu a birnin Bristol na Ingila a 1836, kafin rasuwarsa a 1898 ya kula da marayu fiye da 10,000. An san shi da cewa ba ya roƙon kowa kuɗi sai Allah, wannan kuwa kira ne nasa na musamman, ba doka ba ce a kanki. Abin koyi shi ne sauran halinsa: ba ya cin bashi, kuma yana rubuta duk abin da ya shigo da abin da ya fita, yana buga rahoto kowace shekara. Addu'a da littafin lissafi ba su taɓa faɗa a hannunsa ba.

Abin da za ki iya farawa da shi a makon nan

Ki ba lissafi lokacinsa da rana. Ki zauna da takarda, in da hali tare da maigida, ki raba ta biyu: abin da zan iya yi yau ko gobe, da abin da ya fi ƙarfina. Na farko ki sa masa rana. Na biyu ki karanta shi gaban Allah ɗaya bayan ɗaya da sunansa, kuɗin haya naira kaza, maganin Mama naira kaza. In ya dawo da dare, ki tuna wa zuciyarki cewa an riga an miƙa shi.

Ki yi tanadi daidai ƙarfinki, ko naira 200 ce a asusu. Da kaka, lokacin da hatsi ya fi sauƙi, ki sayi abin da ya samu. Ki shanya kuɓewa da tumatir lokacin arha. Adashi kuma sai da matan da kika san halinsu.

Ki ajiye shaida. Allah ya sa Isra'ilawa su adana awo ɗaya na manna a tulu domin jikoki su gani (Fitowa 16:32-33). Ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar da ba ki san inda abinci zai fito ba, da yadda ya fito. Ranar da tsoro ya taso, ki buɗe shi.

Ki faɗa wa yara gaskiya ba tare da firgita su ba. Kina iya cewa, yau tuwo da kuka Allah ya ba mu, mu gode, mu roƙe shi na gobe. Yaro yana koyon dogara ko tsoro daga fuskar uwarsa tun kafin ya iya karatu.

Kada ki raina jiki. Da Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa, abin da Allah ya fara ba shi abinci ne da barci (1 Sarakuna 19:4-8). Idan makonni sun wuce ba kya barci, gabanki yana yawan faɗuwa, ba kya son abinci, ko tunanin cutar da kanki yana zuwa miki, musamman bayan haihuwa, ki je asibiti a duba ki, a auna jininki. Haka in yaro yana ramewa ko ƙafafunsa suna kumbura, alamar tamowa ce, ki kai shi cibiyar lafiya ba da jinkiri ba. Likita da magani ma cikin tanadin Allah suke.

Ubangiji bai ce ki yi kamar babu matsala ba, bai kuma ce ki naɗe hannu ba. Ya ce ki sa mulkinsa da adalcinsa a gaba, ki tsinci na yau, ki raba da ta kusa da ke, ki bar gobe a wurin wanda ya riga ki isa can. Hausawa sun ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Sau da yawa ta hannun uwa irinki yake bi ya kai abincin.

Wace hanya ce Allah ya taɓa bi ya ciyar da gidanki a ranar da kika cire rai? Ki rubuta mana a ƙasa, wataƙila wata uwa da za ta karanta a daren yau tana bukatar jin ta. Allah ya sa albarka a tukunyarki, ya ba ki barci mai daɗi. Amin.